Hankaka da Rumbun Rufin Asiri

An yi wani Hankaka da ya shekara bakwai a birni, yana zaune a kan rufin mayanka yana jiran abin da mahauta za su jefar. Da zaman ya ishe shi, sai ya dawo dajin Kwarin Giginya wurin uwarsa, wadda yake kira Inna. Bai zo da tsaraba ba, amma ya zo da baki. Ko ruwa aka ba shi sai ya ce, "A birni ba haka ake sha ba."

Kullum Inna sai ta ajiye masa gero, ya cinye tas, ya goge baki, ya fita neman abin da zai gyara a dajin.

To, a dajin nan akwai wani rumbu na taimakon juna. Duk kaka kowa yakan kai 'yar zangarniyarsa a zuba. Ana ce masa Rumbun Rufin Asiri, domin duk wanda yunwa ta kama, akan kai masa hatsi har ƙofa da tsakar rana, sa'ad da kowa ya fake wa zafi, ko maƙwabcinsa ba ya sani. Bushiya ce mai riƙon rumbun. Tana da amana, sai dai ba ta son tambaya, da an yi mata sai ta dunƙule. Burgu kuwa shi ne mai kai rabo, kuma shi kaɗai ne yake ƙiba a bazara.

Hankaka ya dubi tumbin Burgu, ya dubi rumbu, ya tafi ya sami Bushiya.

"Gwaggo, yaushe rabon da a buɗe rumbun nan kowa ya gani?"

"Ɗan nan, ina gajiyar hanya?"

"Gajiya ta bi lafiya. Na ce yaushe rabon da a buɗe?"

Bushiya ta dunƙule. Daga cikin ƙaya ta ce, "Sunansa Rufin Asiri."

"Rufin asiri ko rufa-rufa?"

Burgu ya taso yana haki. "Kai, mara kunya! Jiya-jiya ka sauka, ko zangarniya ɗaya ba ka taɓa zubawa ba!"

"Kawu, ni ban zuba ba, amma ban kumbura ba."

Hankaka ya bi rassa yana shela, har aka tara jama'a a gindin rumbu. Bushiya ta ga ba makawa, ta sa aka ɗage jinka. Hankaka ya gyara farin ƙirjinsa, ya ce shi zai duba, tunda shi ya ga duniya. Ya faɗa ciki.

Shiru, shiru, ba Hankaka. Can sai aka ji "Kwaa! Kwaa!" daga ƙarƙashin ƙasa. Sai ga shi ya ɓullo ta ƙofar ramin Burgu, duk jikinsa ƙaiƙayi. Ashe Burgu ya haƙa hanya daga ɗakinsa har gindin rumbu, hatsi yana zubo masa kamar ruwan indararo.

"Ai don iska ta riƙa shiga na yi!" in ji Burgu.

Aka kwashe hatsin aka mayar, aka toshe ramin, aka tuɓe Burgu. Bushiya ta ce, "Jama'a, laifina ne. An ce in rufe baki, ni kuma na haɗa da ido. Daga yau, kaka da bazara, a ɗage jinka kowa ya leƙa."

Da Hankaka ya tsaya a nan, da har yau ana yi masa kirari. Amma Zabuwa ta rangaɗa guɗa, kansa ya kumbura. Ya haye ƙoƙuwar rumbu ya buɗe fikafikai.

"Saura! Mun ga mai sata, yanzu mu ji masu ci. Gwaggo, kira mana sunan duk wanda ake kai wa hatsin nan."

Wasu tsofaffi suka sunkuyar da kai.

Bushiya ta ce, "Ɗan nan, rumbu na kowa ne, an buɗe. Kwanon mutum kuwa nasa ne."

"Ƙila ragwaye ne ke kwance ana ciyar da su! A faɗa!"

"Sauko in faɗa maka a kunne."

"Kunne? Abin da ya kashe dajin nan ke nan! A birni a fili ake komai. In ba ki faɗa ba, bakinku ɗaya da Burgu."

Bushiya ta dube shi. Sannan ta juya wajen Inna, wadda ke raɓe a bayan taro. Inna ta ce a hankali, "Faɗa masa, tunda ya nace."

"To, suna ɗaya zan faɗa. Gidan innarka. Mudu ɗaya duk Juma'a, tun shekarar da ka tafi ba aike. Da ka dawo aka mai da shi biyu, don an ce baƙon yana da ci."

Dariya ta ɓarke. Har Burgu da aka tuɓe ya kwanta yana shure-shure. "Ni na riƙa ɗauko maka, ɗan birni! Bayana har yanzu ciwo yake!"

Hankaka ya waiwaya. Ya nemi Inna da ido, ta riga ta tafi.

Da Juma'a ta zagayo, Bushiya da kanta ta kai gero. Inna ta mai da shi. "Na gode, 'yar'uwa. Da, in na ci, ni da Allah muka sani. Yanzu kowace ƙwaya da idon jama'a a kanta, ba za ta wuce maƙogwaro ba. Ai ina da ɗa."

Hankaka ya yi lallashi, ya yi rantsuwa, ya ce shi zai riƙa karɓowa a ɓoye. Inna ta ce, "Au, yau kuma ɓoye ya yi rana?"

Washegari ya tashi ya nufi gonakin da aka girbe, yana kala, ƙwaya ɗaya-ɗaya, manoma na jifansa da hoge. Tun hantsi har la'asar yana kai da kawo, ya leƙa mudun Inna, ko gindi bai rufe ba. Rannan ya san mudu yana da zurfi.

Darasin wannan labari shi ne, abin da jama'a suka tara, haƙƙinsu ne a buɗe su gani, kuma mai amana ba ya dunƙulewa don an tambaye shi. Amma tona ramin ɓarawo daban, tona kwanon mabuƙaci daban. Kafin ka hau rumbu ka yi wa gari tsawa, fara tambayar daga ina tuwon gidanku yake zuwa.