Hannun da Bai Fita Daga Kwano Ba

Ku matso kusa, jama'a. Yau muryata ta dishe, jikin ma ba daɗi, ba zan iya ɗaga murya ba.

A wani gari da ba sai na ambaci sunansa ba, shekarun baya, an yi wani bawan Allah baduku, ana ce masa Sallau. Ba malami ba ne, ba mai kuɗi ba ne, takalma da kube yake ɗinkawa. Yana da maƙwabci, wani tsoho mai suna Nomau, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa wajen dako. Matar Nomau ta rasu, 'ya'ya sun watse neman abinci. Kullum bayan magariba Sallau zai fito da tuwonsa zaure, ya ce, "Baba Nomau, zo ka taya ni, ni ba na iya ci ni kaɗai." Su sa hannu a kwano ɗaya. Duk unguwa an san tuwon nan shi ne abincin Nomau na yini, amma ba wanda ya taɓa furtawa.

Sai ciwon ciki ya kama Sallau. Amai, rama, amai, rama. Aka yi jiƙe-jiƙe har aka gaji, sannan aka kai shi babban asibiti. Likitoci suka yanke mafi yawan tumbinsa, jakar nan da abinci ke sauka a ciki, suka bar masa ɗan abin da bai fi ludayi ba. Ranar sallama likita ya ce masa, "Malam, cin da ka sani ya ƙare. Kaɗan-kaɗan za ka riƙa ci, sau da yawa a yini. Ka tauna har ya zama kamar kunu a bakinka. Kada ka kora da ruwa, sai an jima. Zaƙi ka yi nesa da shi. Ƙwai, kifi, nama mai laushi, su za su mayar maka da jiki."

Ya dawo gida, rigarsa ta yi masa yawa. Matarsa Tabawa murhunta ba ya hucewa: ta dafa ƙwai, ta sauke, ta dama kunun gyaɗa ba sukari, ta sauke, kafin ta wanke tukunya lokacin wani cin ya yi. Ita ta ce a riƙa aika wa Nomau nasa tuwon gida. Aka aika. Kwano ya dawo yadda ya tafi, da saƙon godiya, wai ya riga ya ci. Bai ci komai ba, jama'a. Mutum ne da ya yarda ya taya maƙwabci cin abinci, bai yarda a ciyar da shi ba.

Sallau ya ce a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya kira Nomau, suka sa hannu. Loma kaɗan Sallau ya yi ya ji ya cika, ya janye hannu. To, kun san al'adarmu. Mai gida ya cire hannu, baƙo zai ci gaba? Nomau ya lashe yatsunsa, ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Tuwo ya koma ciki, ko gefensa ba a ci ba.

Ku saurara, nan ne Sallau ya yi kuskure, kuma kuskuren mutanen kirki ne. Washegari ya ce zai daure. Nomau ya yi loma, shi ma ya yi. Tuwo ya tsaya masa, ya kora da ruwa. Nomau ya ƙoshi ya tafi yana sa albarka. Ba a jima ba gumi ya karyo wa Sallau, zuciya na bugawa, jiri na ɗibarsa, ciki na murɗawa. Da rarrafe ya shiga gida. Ya sake yi washegari, ya sake yi. Abin da yake ci ba ya zama, ramar da ta fara sauƙi ta dawo.

Tabawa ta zauna a gefensa, ko faɗa ba ta da ƙarfin yi. Ta ce, "Malam, ni na gaji. Na sayar da awakina, na kwana a barandar asibiti, na dawo da kai da rai. Yanzu kuma da hannunka za ka mayar da ni?"

Ya ce, "In na cire hannu, da yunwa zai kwana."

Ta ce, "In ka mutu fa, da me zai kwana?"

Sallau ya san gaskiya ta faɗa. Jikin nan amana ne, ba a sadaka da shi ta wannan hanya.

Da magariba ta yi ya fito zaure. Kafin su sa hannu ya ce, "Baba Nomau, alfarma nake nema. Likita ya ce in ci a hankali, ni kuwa na saba da sauri, yana neman kashe ni. Ka tsare ni. Kada ka cire hannu sai na gama, in ka cire zan ji kunya in yi gaggawa."

Ko kalma ɗaya ba ƙarya a ciki. Nomau ya gyara zama, ya ce, "Ai da ka faɗa tuntuni, yaro."

Sallau ya gutsuri ɗan tuwo kamar ƙwallon dabino, ya tauna, ya tauna, ya tauna. Ya huta, hannunsa na bakin kwano. Nomau kuwa dole ya ci gaba da ci, tunda aiki aka ba shi. Ya zama mai gadi, har da tsawa. "Sallau, wannan lomar ta yi girma, rage." Ya ɗauke modar ruwa ya ɓoye bayansa. Kafin Sallau ya gama ɗan cikin ludayinsa, kwano ya koma wayam.

Haka suka yi shekaru. Ba daɗi ne da shi ba. Tuwo ya huce, muƙamuƙi ya gaji, wata rana Sallau ji yake kamar ya tashi ya kwanta, amma sai ya dubi kwano ya ga da saura, ya sake gutsura. A hankali kumatunsa suka ciko, ya koma kan fatunsa.

Da ajalin Nomau ya zo, Sallau na zaune a kansa. Tsohon ya kama hannunsa, ya ce, "Abin da ke damuna, wa zai riƙa tsare ka? Ni wani lokaci ko yunwa ba na ji, don kai nake ci."

Sallau ya ce, "Na sani, Baba. Allah ya saka maka."

Ya rasu yana ganin shi ne ya yi alheri. Sallau bai taɓa gyara masa zancen ba, kuma bai ga abin gyarawa ba.

Jama'a, darasin a fili yake. Kyauta ba ta cika sai ta bar wa mai karɓa mutuncinsa, kuma ba a neman lada da cutar da kai. Mu fa? Mu ba da loma ɗaya, unguwa ta ji. Mu je dubiya da lemon kwalba da fura mai sukari, mu tsare marar lafiya sai ya sha, ya ƙi mu ce ya raina mu. Cikinku akwai mai majinyaci a gida da ba ya iya cin abin kirki. Ku daina ɗura masa, ku zauna da shi, ku jira shi. Akwai kuma mai maƙwabcin da kunya ta hana shi miƙo hannu. Ku nemo masa dalilin da zai zauna a tabarmarku kansa a ɗage.

Na gaji, a nan zan tsaya. In an idar da salla, kowa ya duba wa ke cire hannu idan ya cire nasa.