Tohon da Biri Ya Ƙi Cirewa

An yi wani Biri a garin Tudun Ƙirya, wanda Allah ya zuba wa son yawa. Ko me ka ba shi, kafin ya yi godiya sai ya leƙa hannunka ya ga ko da saura. Maƙwabciyarsa kuwa wata tsohuwar Bushiya ce mai hannun shuka, ko sanda ta soka a ƙasa sai ta yi ganye. Akwai kuma Hankaka, wanda ba shi da aikin fari bare na baƙi sai bin gidaje yana zuga masu su.

Garin nan kaf bishiyar lemon zaƙi ɗaya ce tal, a bakin rafi, kuma kowa da lemonta ya girma. Wata damina tsawa ta faɗa mata, ta soma bushewa. Kafin ta ƙarasa mutuwa, Bushiya ta lallaɓa ta yanko 'yan rassa biyu da suka rage da rai.

Dama tana da dashen lemon tsami guda biyu a bayan ɗakinta. Ta gille kan kowanne, ta tsaga shi, ta soka reshen zaƙi a ciki, ta ɗaure da igiyar rama, ta shafe da kakin zuma. Wannan shi masu lambu ke kira auren bishiya: gindin na tsami, kan na zaƙi. Allah ya taimake ta, duka biyun suka kama.

Ta dasa ɗaya a gidanta, ta kai wa Biri ɗaya, don in wani ya mutu wani ya rayu.

Ta ce, "Ɗan nan, ka ga ƙullin nan inda na ɗaure? Duk abin da ya fito samansa zaƙi ne. Duk abin da ya toho ƙasansa tsami ne. Da ka gan shi, ka tsinke shi tun yana ɗanye."

Biri ya kwashe da dariya. "Haba Inna! Ni da aka haifa a kan bishiya za ki koya wa sha'anin bishiya? Ke da ko kututture ba ki taɓa hawa ba?"

"Hawa daban, reno daban," in ji Bushiya, ta juya ta tafi abinta.

Ba a yi wata biyu ba sai ga wani toho ya ɓullo ƙasan ƙullin, kore shar, mai kauri, ga ƙaya zaƙo-zaƙo. Kullum safiya sai Biri ya tarar ya ƙara tsawo, reshen zaƙin kuwa yana nan yana jan jiki.

Hankaka ya sauka kan danga ya ce, "Kai, Malam Biri! Wannan ai ba bishiya ba ce, gari guda ne! Na Inna Bushiya fa har yau bai kai gwiwarka ba."

Bushiya ta jiyo su, ta leƙo ta ƙasan danga. "Cire shi, ɗan nan. Ɓarawo ne. Ruwan da kake zubawa da takin, duk shi ke shanyewa."

"In cire mai ƙiba in bar ramamme? Inna, in baƙin ciki kike yi ki faɗa."

"Baƙin cikin me? Ƙaya ce ke gare shi, ni ma ina da tawa."

Sannu a hankali ganyen reshen zaƙi ya soma yin rawaya. Biri ya ƙara ruwa, bai farfaɗo ba. Ya jibga kashin awaki, tohon ya ƙara harbawa sama ya yi masa inuwa. Ranar nan haushi ya ɗebi Biri, ya ce, "Wannan ragon reshe ɓata min bishiya kawai yake yi!" Ya sa hannu ya karya shi, ya cilla bayan danga.

Bushiya ta tsinci reshen a hanya, ya riga ya yi yaushi. Ta daɗe tana juya shi a hannu, ranta a ɓace ƙwarai, don ta san rabin abin da ya rage wa garin ke nan aka zubar. Ta koma ta ci gaba da renon nata, tana tsinke duk tohon da ya leƙo ƙasan ƙulli.

Shekara huɗu suka wuce. Bishiyar Biri ta fi ɗakinsa tsawo, ta yi 'ya'ya jingim har rassa na taɓa ƙasa. Ya aiki Hankaka ya yi shela, kowa ya zo ranar Asabar da hantsi a sha lemo. Ya kuma hana kowa taɓawa kafin ranar, har shi kansa bai ɗanɗana ba, wai kada yawan ya ragu a idon baƙi.

Asabar ta yi, gida ya cika maƙil. Hankaka ya ce ai shi ya sha wahalar shela, shi zai fara. Ya caka baki cikin lemo guda. Nan take ya runtse ido, gashin wuyansa ya tashi, ya yi tsalle baya yana kakari.

"Wayyo maƙogwarona! Biri, guba ka tara mu ka ba mu?"

"Ƙarya kake yi, makwaɗaici!" Biri ya fizgi wani lemon ya gatsa. Haƙoransa suka mutu, hawaye ya zubo masa. Ya tsinko na sama, ya tsinko na ƙasa, duk kanwar ja ce. Gida ya ɗauki dariya, yara har da birgima.

Ana cikin haka sai ga Bushiya tana jan ɗan kwando, lemo goma sha biyu kacal a ciki. Ta ɓare su, ta bi kowa da sala ɗai-ɗai. Tsofaffi suka lumshe ido, don ɗanɗanon bishiyar bakin rafi ne sak.

Biri ya karɓi nasa a ƙarshe, kansa a sunkuye. Da baƙi suka watse, ya ce, "Inna, da hannuna na kashe reshen zaƙin da kika ba ni. Da naki ma ya mutu, shi ke nan na raba garin nan da lemo."

Bushiya ta zagaya bishiyar, ta ƙwanƙwasa gindin. "Saiwar nan lafiyarta lau, ka ciyar da ita sosai. Zan ba ka reshe daga nawa mu sake ɗaurawa. Amma sai ka sare duk wannan tulin, kuma da kanka."

Biri ya ɗaga kai ya dubi wahalar shekara huɗu. Abin ya yi masa ciwo, amma ya shiga ɗaki ya ɗauko gatari.

Da ruwan farko ya sauka, sabon reshen ya fitar da ganye uku 'yan mitsi-mitsi. A ƙasan ƙulli kuma sai ga wani toho mai ƙiba ya leƙo.

Hankaka ya sauka kan danga. "Malam Biri, wannan kam bar shi mana, dubi kyansa!"

Biri ya sa farce ya tsinke shi, ya miƙa masa. "Ungo, kai sheƙarka. Ni lemo nake jira."

Darasin wannan labari shi ne, ba duk abin da ya fi saurin girma ne ya fi amfani ba, kuma mai son ya riƙe komai yakan zubar da mai kyan ya rungumi maras kyau. Yara, in wanda ya san aiki ya ce ku rage, ku rage. In kuma kun riga kun yi ɓarna, kada kunya ta hana ku komawa ku tambaya, don muddin saiwa na da rai ana iya sake dashe a kanta.