Tarkon da Nata'ala Ya Kafa a Tudun Cheras

Akwai wani ɗalibi da ya zauna a unguwar Cheras, cikin Kuala Lumpur, sunansa Nata'ala. Ba yaro ba ne. Magidanci ne, shi da matarsa Hanifa, suna haya a wani dogon bene. In ka leƙa ta tagar ɗakinsu, kana hango wani tudu mai duhun itatuwa a bayan unguwa.

Gwamnatin jiharsu a Najeriya ce ta turo shi karatun digirin dakta. Aiki ɗaya aka ɗora masa: ya koyo yadda ake tsara farauta, ya koma ya tsara wa jiha. Wane wata za a buɗe daji, wane wata za a rufe. Wa za a ba lasin, wa za a hana. Wace dabba za a taɓa, wacce za a ƙyale.

Ba a banza aka zaɓe shi ba. Ɗan mafarauta ne gaba da baya. Mahaifinsa, Baba Abdussalam, shi ne Sarkin Bakan yankinsu, tsoho marar yawan magana. Amma a kan wannan ɗan nasa ya yi magana. Ya tara mafarauta ya ce musu, "Ku yi haƙuri. Ɗana zai kawo mana doka. Daji zai huta, mu ma a daina kama mu kamar ɓarayi."

Nata'ala ya iya aikinsa. Kuma ya san ya iya. Nan matsalar take.

Yana da aboki, Tajuddeen, mai sayar da yadi da jallabiya a titin Masjid India. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, sukan zauna a mamak, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi, su sha shayi. A nan Nata'ala ke buɗe wa'azinsa.

"Ka ga tarkon waya?" in ji shi. "Shi na fara hanawa a tsarina. Ba ya bambanta mace da namiji, ba ya barin mai ciki. Duk wanda aka kama da shi, a ƙwace lasinsa har abada."

Tajuddeen ya ce, "Dakta, makan lah, ci abinci mana, shinkafarka ta huce. Kai kullum sai ka ɗaure mutum goma kafin ka kai loma."

"Ba ka san mutanenmu ba ne. Jahilci ya yi musu yawa. Doka ai don irinsu aka yi ta."

"Kai fa?"

Nata'ala ya yi dariya. "Ni ai ni nake rubuta ta."

Ana nan, Allah ya sauki Hanifa lafiya. Namiji. Shi ne ɗansu na fari, bayan dogon jira.

To a gidan su Nata'ala akwai al'ada. In an yi haihuwa, uban jariri ne zai kawo naman daji da hannunsa, a dafa wa mai jego. Da shi ake cewa yaro ya shiga gidan mafarauta.

Washegarin haihuwa, saƙon murya ya shigo wayar Nata'ala. Yayansa ne, Sirajo, daga gida. Ana jin hayaniyar majalisa a bayansa.

"Mafaraucin takarda! Barka, barka, Allah ya raya. To yaya batun naman mai jego? Ko hoton barewa za ka buga mata a kwamfuta ta tsotsa? In ka kasa ka faɗa, in aiko maka da ƙafar zomo ta jirgi."

Majalisa ta kwashe da dariya. Saƙon ya ƙare.

Wasa ne. Sirajo haka yake tun suna yara. Amma Nata'ala ya saurari saƙon, ya sake saurara, ya kuma sakewa. Hanifa tana kwance da jariri a ƙirji, tana kallonsa.

Ta ce, "Malam, ajiye wayar nan. Yaya Sirajo ne fa. Ka san bakinsa."

"A gaban mutane ya faɗa."

"To sai me? Ni ban ce ina son naman daji ba. Farfesun kaza ya ishe ni. In abin ya dame ka, kira Baba ka tambaye shi yadda ake yi."

"In tambaye shi me? In ce masa na kasa?"

Bai kira ba.

Da yamma ya hau jirgin ƙasa ya je shagon Tajuddeen. Ya faɗa masa abin da ke ransa. Ya ce ya sha zagaya tudun bayan gidansu, ya ga sawun wata 'yar ƙaramar gada da mutanen ƙasar ke kira kancil.

Tajuddeen ya ajiye yadin da yake ninkewa.

"Dakta, tak boleh. Ba ya yiwuwa. Kana da lasin?"

"Wa zai ba ɗalibi baƙo lasin kafin suna?"

"To ka jira."

"Suna ba ya jira."

"Ji nan. Akwai masu kiwon barewa a ƙasar nan, yankan Musulmi, ana sayarwa a fili. Gobe in sa a kawo maka cinya guda. Wa zai sani a gida?"

"Ni zan sani. Da hannuna aka ce."

"Da wace bindigar?"

Nata'ala ya kau da kai. Tajuddeen ya dube shi, ya gane.

"Kai! Waya? Wayar da ka ce a ƙwace lasin mutum har abada?"

"Wancan don masu ɓarna ne. Ni na san abin da nake yi. Guda ɗaya ce, sau ɗaya. Na san inda zan kafa, na san sawun namiji."

"Ɗazu-ɗazu ka ce tarko ba ya bambantawa."

"Ba ɗazu ba ne. Ranar Juma'a ce."

"Nata'ala, don Allah. Matarka ba ta da kowa a garin nan sai kai. Bizarta a jikin taka take."

Nata'ala ya miƙe. "Kai ɗan kasuwa ne, Taju. Ba za ka gane ba."

A hanyar komawa ya tsaya a kedai, wato shago, na masu gyaran keke, ya sayi wayar birki. Kafin magariba ya hau tudu. Hannunsa bai manta ba. Ya lanƙwaso reshe, ya ɗaure waya, ya rufe da ganye, kamar yadda ya ga wasu na yi yana ƙarami. Ba a wajen mahaifinsa ya gani ba. Baba Abdussalam bai taɓa kafa waya ba.

Da gari ya waye ya ce wa Hanifa zai je ya dawo. Ta ce ya tsaya ya riƙe mata yaron ta yi wanka. Ya ce in ya dawo.

Tarko ya kama.

'Yar dabba ce, ba ta fi zomo girma sosai ba. Wayar ta shige ƙafarta har ƙashi. Ta yi ta fizga har ƙasar wurin ta zama fili. Tana da sauran rai, tana numfashi sama-sama, idonta a buɗe.

Nata'ala ya durƙusa ya juya ta. Sai ya ga hantsarta cike da nono.

Mace ce. Mai jego ce. Ɗanta na nan wani wuri cikin ciyawa, yana jira.

Ya kai hannu zai kwance wayar. Ko sakin ta zai yi, ko yanka ta zai yi, Allah kaɗai ya sani. Bai kai ga ko ɗaya ba. Ya ji motsi a bayansa. Ma'aikatan kula da namun daji ne. Tun da sassafe suka ga tarkon a zagayensu, suka koma gefe suna jiran mai shi.

Gadar ta mutu a hannunsu kafin su sauko daga tudu.

Hanifa ta jira har ruwan wanka ya huce. Ta kira wayarsa, a kashe. Sai bayan azahar Tajuddeen ya ƙwanƙwasa ƙofa, shi da matarsa. Da ta ga matar ta zo da jakar kayan kwana, ta san ba lafiya ba.

Ranar suna ta zo, uban yaro na tsare. 'Yan Najeriya mazauna Cheras suka taru a falon. Tajuddeen ya tsaya a madadin uba. Aka raɗa wa yaro sunan kakansa, Abdussalam, don shi ne sunan da Nata'ala ya zaɓa tun ciki na ƙarami. Aka yanka rago, aka yi addu'a, aka watse da wuri. Ba wanda ya tambayi naman daji.

A kotu lauyan Nata'ala ya so ya nemi sassauci. Ya ce baƙo ne, bai san dokar ƙasa ba. Sai alƙali ya tambayi abin da yake karantawa. Aka faɗa masa.

Alƙali ya cire tabarau. Ya ce, "Wato kai ne za ka koma ƙasarku ka koya wa mutane lokacin farauta da lokacin bari?"

Nata'ala ya sunkuyar da kai.

"Da manomi ne a gabana, da na duba. Kai ka sani."

Aka yanke masa zaman gidan yari, sannan a mayar da shi gida. Makaranta ta sallame shi. Jiharsu ta janye tallafi, ta miƙa aikin tsarin farauta ga wani daban, a fara daga farko. Bizar Hanifa ta faɗi tare da tasa. Ba ta gama wankan jego ba ta tattara kaya. Tajuddeen da matarsa suka raka ta filin jirgi, jariri a goye. Sau ɗaya uban ya ƙara ganinsa, ta bayan gilashi, ranar da ta je sallama. Yaron barci yake yi. Bai ko buɗe ido ba.

Watanni suka shuɗe.

Ranar da za a mayar da Nata'ala gida, Tajuddeen ya same shi a filin jirgi, jami'i na tsaye a gefensa. Ya rame. Gemunsa ya yi furfura tsilli-tsilli. Ba shi da kaya sai 'yar jaka.

Tajuddeen ya roƙi jami'in, ya yarda. Ya miƙa wa Nata'ala waya. "Baba ne. Tun jiya yake cewa in na gan ka in haɗa ku."

Nata'ala ya karɓa da hannu biyu. Tun ranar haihuwa bai ji muryar mahaifinsa ba.

"Baba, barka da rana."

"Nata'ala."

"Na'am, Baba."

"Jikinka lafiya?"

"Lafiya lau. Baba, ka yafe mini. Na so ne in cika al'adar gida. Ban so a ce a kaina ta karye ba."

Ana jin kukan yaro can nesa a bayan tsohon.

"Wa ya ce maka kafin suna ake kawowa?"

"Ai... haka na taso na gani."

"Ka ga waɗanda aka haifa da rani. Kai a wane lokaci aka haife ka?"

"Da damina."

"Tsakiyar damina. Daji a rufe. Dabbobi na da ciki, wasu na shayarwa. Ni ne Sarkin Baka, ni na rufe shi da bakina. Kana zaton na buɗe don an haife ka?"

Tsohon ya ci gaba.

"Kaza na yanka wa uwarka. Mutane sun yi mini dariya, na ƙyale su. Sai da aka yi girbi, aka buga gangar buɗe daji, sannan na fita na kawo mata gada. Namiji. Kana zaune a lokacin, har ka fara rarrafe. Al'adar ba ta karye ba. Jira ta yi."

"Ban sani ba, Baba."

"Ba ka tambaya ba."

Hawaye suka zubo wa Nata'ala. Bai share ba.

"Sirajo ya zo ya durƙusa yana kuka," in ji tsohon. "Na ce ya tashi. Shi baki ya yi, kai ka yi hannu. Mafarauta kuma sun tambaye ni ina dokar da na ce ɗana zai kawo. Na ce musu su ƙara haƙuri."

"Baba..."

"Ka ji kukan nan? Mai sunana ne. Ya fara rarrafe. Duk namijin da ya shigo gidan nan sai ya miƙa masa hannu. Bai san wanne ne ubansa ba. Ka taho."

Wayar ta katse.

Jami'i ya taɓa kafaɗarsa. Nata'ala ya mayar wa Tajuddeen wayarsa. Tajuddeen ya ce, "Je ka, Dakta. Allah ya kiyaye hanya."

"Kar ka ƙara kira na Dakta."

Ya ɗauki jakarsa, suka shige da shi.

Darasi: Dokar da ka rubuta wa wasu, kai ta fara hawa. Ilimi ba lasin ba ne na karya ta. In an rufe daji, ka jira a buɗe, ko ana yi maka dariya, don dariyar mutane wucewa take yi, amma ranar sunan ɗanka ba ta dawowa. Abin da ba ka sani ba kuma, ka sauke girman kai ka tambayi na gaba da kai tun yana raye. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman na ƙasar waje da masu shiga daji. Wataƙila wani ya riga ya sayi wayarsa, bai kafa ba tukuna.