Tsatsa a Ƙarƙashin Fenti

An yi wani mutum mai sana'ar ɗaukar hoto, wanda in ka tambayi mutanen unguwarsu a kansa a wancan lokaci ba za ka ji aibu ba. Mata sukan ce a hannunsa ko mummuna sai ya fito da kyau. Abokan zamansa sukan ce ba ya cin haƙƙin kowa, sai dai ba ya son a yi masa dariya ko da wasa. Yayarsa kuwa, wadda ta goya shi, cewa take tun yana ƙarami in rigarsa ta yage ba ya kawowa a ɗinke, juya yagaggen wajen yake yi ya koma baya, ya fita abinsa.

Shi da bakinsa ya ba ni labarin nan, a zama uku, ya kuma yarda in faɗa muku ba tare da suna ba. Za mu kira shi Mai Hoto, kamar yadda kowa ke kiransa.

Mahaifinsa direba ne na wata ƙungiyar masu haƙar rijiya a ƙauyuka. Motarsu jif ce irin ta da, mai ja da ƙafa huɗu, mai rufin tamfol, wadda kwalta da yashi duk ɗaya ne a wurinta. In an yi hutun makaranta, mahaifin yakan ɗora shi kan akwatin kayan aiki da ke tsakanin kujerun gaba. Ya ce mini har yau in warin man inji ya haɗu da na tamfol ɗin da rana ta gasa, sai ya ga hannun mahaifinsa a kan sandar giya, da agogon da ya yi wa hannun yawa yana zamewa. Yana ɗan shekara goma sha huɗu mahaifin ya rasu. Ƙungiyar ta watse, motar ta bi inda ba wanda ya sani.

Bayan shekara talatin aka kira shi aiki a wata gona, sai ya hango irinta sak a bayan ɗakin ajiya. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Ba ita ba ce, ya kuma san ba ita ba ce. Amma da ya kama hannun ƙofar ya ji yadda ya cika masa tafi, sai ya kasa saki. A ranar ya saye ta, alhali abin da ya sani a mota bai wuce tuƙi ba. Bai taɓa ɗaga bonet ba sai in zai zuba ruwa.

Aka jawo ta garejin wani tsohon bakanike, wanda shi ne bakaniken ƙungiyar a da, shekara goma sha biyu suna tafiya tare da mahaifin Mai Hoto. Baba Sannu ake ce wa bakaniken, saboda ba ya gaggawa. Direbobi sukan yi masa tsiya cewa in ka kai masa mota da rani, ka je karɓa da laima. Duk da haka garejinsa ba ya rabo da motoci, don an san motar da ta fita daga hannunsa ba ta dawowa da ciwon da ta zo da shi.

Da Baba ya ga jif ɗin, ya zagaya ta sau biyu, sannan ya koma bayan gareji ya daɗe yana wanke fuska.

Watannin da suka biyo baya, in ji Mai Hoto, su ne mafi daɗin rayuwarsa. Da la'asar yakan rufe shago ya zo ya zauna kan tsohuwar taya, Baba yana kwance kayan inji ɗaya bayan ɗaya, yana wanke su a cikin kwano, yana jera su a kan buhu. Yana aiki yana ba shi labarin mahaifinsa: ranar da suka maƙale a rafi suka kwana biyu, yadda yake yi wa motar magana in za ta hau tudu kamar mai lallashin jaki, yadda ba ya tayar da inji sai ya taka birki sau uku ya ji taurinsa. Mai Hoto ya sami mahaifinsa a bakin Baba fiye da yadda ya same shi a raye. Ranar da injin ya tashi, su biyun suka tsaya cikin hayaƙi suna dariya kamar yara.

Aka gama inji, aka gama giya. Baba ya ce saura bututun birki, siraran ƙarafan nan da ke bin ƙarƙashin mota suna kai mai ga tayoyi. Ya ce tsatsa ta cinye su, sun yi laushi kamar kara, sai an sa sababbi. Ya aika a nemo, aka ce sai mako uku. Mai Hoto ya tambaya ko za a yi fenti kafin su iso. Baba ya ce:

"Ɗana, fenti ban kwana ne, ba sallama ba ne. Sai an gama da ciki."

To, amma a wurin zaman hira an fara tsokanar Mai Hoto. Wani ya ce yaushe za a fito da gidan kajin nan a sha ƙwai. Wani ya ce kafin Baba Sannu ya gama, jikokinsa ne za su tuƙa. Wasa ne irin na abokai. Shi kuwa ya shiga ransa. Ya sa aka ja motar zuwa wurin mai fenti, ya ce wa Baba ai jiki kawai za a fesa. Mai fenti ya fesa jiki kore irin na da, ya kuma shiga ƙarƙashi ya feshe komai da baƙi mai sheƙi, har da bututun da tsatsarsu. Mota ta fito kamar amarya.

Sababbin bututu suka iso, Baba ya aiko masa da su. Mai Hoto ya duba su, ya ga ja-ja suke, ba su yi kama da na da ba. In za a sa su kuma sai an kankare fentin da ya kwana biyu yana ɗaukar hotonsa. Ya taka birki a tsakar gida, ya ji yana kamawa. Zuciyarsa ta ce masa ƙarfen da ya yi shekara hamsin bai fashe ba, yau ne zai fashe? Ya jefa sababbin a ƙasan kabad ɗin shago. Ya je ya gaya wa Baba cewa wani bakanike na kusa da mai fenti ya ɗaura su, an kuma bi su da fenti.

Baba ya durƙusa da ƙyar, don gwiwoyinsa ba sa barinsa ya kwanta a ƙasa sau biyu a rana. Ya leƙa, ya ga komai baƙi ɗaya. Ya ɗago ya ce:

"Ka tsaya a kai aka sa?"

"Na tsaya, Baba."

Baba bai ƙara tambaya ba. Mutumin da bai taɓa yarda da aikin da hannunsa bai taɓa ba, ranar ya yarda, domin ɗan abokinsa ne ya faɗa.

Ya 'yan uwa, kalma uku ce. Wane ne a cikinmu bai taɓa faɗin irinta ba don ya tsere wa faɗan dattijo?

Suka shirya fita ta farko zuwa wata rijiya da ƙungiyar ta haƙa a ƙauyen bayan duwatsu. Da hantsi suka tashi su biyu. Baba ya sa fararen kaya. Ya zauna a gefe, ya fitar da hannun dama ya kama ƙarfen rufi, yadda ya saba zama shekaru da yawa da suka wuce. Yana nuna wurare yana faɗin abin da ya faru a kowanne. Suka hau tudu lafiya. A gangara, inda hanya ta nufi wata ƙaramar gada, Mai Hoto ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba ta tarar da komai ba.

Baba ne ya cece su. Ya fizgi birkin hannu da hagu, ya ce masa ya karya kan motar cikin tudun yashin da ke gefe. Ba su kai gadar ba. Amma motar ta kife ta ɓangaren Baba, hannunsa na dama yana waje. Mai Hoto ya fita da ƙujewa a goshi. Baba ya bar yatsu uku a asibiti, sauran biyun ba su ƙara lanƙwasawa ba.

Da a nan ya tsaya ya faɗi gaskiya, da labarin hatsari nake ba ku, ba na halaka ba.

Gari ya ɗauka cewa birkin da Baba Sannu ya gyara ya tsinke. Kowa ya ga motar wata shida a garejinsa, wa za a zarga? Masu zuwa jaje suka riƙa tambayar Mai Hoto yadda aka yi. Bai ce Baba ne ba. Yakan dai sunkuyar da kai ya ce ƙaddara ce, wani lokaci ya ƙara da cewa tsufa ba shi da magani. Ya ce mini a lokacin yana ganin bai yi ƙarya ba, tunda bai kama suna ba.

Da aka sallami Baba, ya sa aka kawo masa motar gareji. Ya sa ƙusa a hannun hagu ya kankare fentin inda bututun ya fashe, ya ga abin da ke ƙasa. Bai gaya wa kowa ba. Direbobi suka fara kai motocinsu wani wuri, suna gaishe shi daga nesa da ladabi. Mai Hoto yakan aika masa da kayan marmari a hannun mutane, amma ya canza hanyar zuwa shago don kada ya bi ta ƙofar garejin. Aka shekara a haka.

Asirin bai tonu a hannun maƙiyi ba. Mai fenti ne, yana yabon aikinsa a gaban direbobi, ya ce fentinsa ko hatsari ba ya ɓare shi, ai jif ɗin nan shi ya feshe bututunta da tsatsarsu, ba wanda ya canza su, kuma har yau fentin yana nan. Shi tallar sana'arsa yake yi. Direbobin suka dubi juna. Kafin la'asar magana ta zagaye unguwa.

Mai ɗaukar hoto da amana yake cin abinci. Shi ake shigarwa cikin gida, a zaunar da iyali a gabansa. Aka daina kiransa. Ba wanda ya zage shi. In ya zo wurin hira sai a matsa masa wuri mai faɗi, magana ta mutu. Yayarsa ta zo shago, ta ƙi zama, ta ce mutumin da ya ɗauki gawar mahaifinsu a kafaɗa, wato Baba, shi ne Mai Hoto ya bari aka ci mutuncinsa don kada fenti ya kankaru. Ta ce ta gode Allah da mahaifinsu bai ga wannan rana ba. Bayan wata huɗu ya rufe shagon. Ya sayar da na'urorinsa, ya koma zaman gida, ba ya fita sai masallaci, a sahun baya. Mutumin da bai iya jure dariyar abokai ba, ya wayi gari ba mai yi masa ko dariyar.

Ya 'yan uwa, ku duba da kyau. Son mahaifi ba laifi ba ne. Sayen tsohuwar mota ba laifi ba ne. Rashin sani ma ba laifi ba ne, kowa da ranar da ya fara. Abin da ya kayar da shi, ya fi tsoron bakin mutane a kan tsoron Wanda ke ganin ƙarƙashin mota da ƙarƙashin zuciya. Ƙaryar farko ta ci hannun dattijo. Shirun da ya biyo baya ya ci sunansa, kuma shirun ya fi muni, don ƙaryar sau ɗaya ya yi ta, shirun kuwa kullum da safe yake sabunta shi. Me ya hana shi magana shekara guda? Abin da ke hana ni da ku. Kowannenmu yana da wurin da ya fesa wa fenti, yana kuma ɗaukar mutane a kai yana gangara da su.

Haƙƙin mutum kuwa ba a biyansa a kan darduma kaɗai. Sai an taka an je.

Shi ma daga ƙarshe ya taka. Wata ranar aiki ce da safe. Direbobi sun fara dawowa garejin, amma Baba ba ya iya riƙe sufana, yana zaune a kan benci yana faɗa wa wani direba da baki inda zai ɗaure. Akwai mutum biyar ko shida a wurin. Mai Hoto bai jira su watse ba, bai ja Baba gefe ba. Ya cire takalmi ya durƙusa a ƙasa mai baƙin mai, ya ɗaga murya yadda na bakin titi ma zai ji.

"Baba, ban tsaya a kai ba. Ba a sa su ba, ni na ɓoye su. Na yi maka ƙarya, na kuma yi shiru aka ɗora maka. Hannunka ni ne, sunanka ni ne. Ba ni da abin da zan mayar maka. Ka yafe mini, Baba."

Allah ka kiyaye mu daga gyaran da ido kaɗai ke gani, ka ba mu bakin neman gafara tun waɗanda muka cuta suna da kunnen ji. Amin.