Hayar Wata Goma Sha Ɗaya

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan bakin kogin Drina, mai sayen malina, jan ɗan itacen nan mai laushi, a hannun manoma yana kaiwa Jamus. Kun san halin wannan ɗan itace, in bai shiga sanyi ba, ba ya kwana biyu.

Mutumin ba shi da ɗakin sanyi nasa, sai ya kama hayar na tsoho Reshad. Suka sha kofi, suka tafa a kan shekara goma.

Akawunsa Mirsada ta ce, "Maigida, hayar da ta wuce shekara bashi ce, dole a rubuta ta cikin bashin kamfani. Banki zai gani."

"Wadda ba ta kai shekara ba fa?"

"Ita ba ta shiga."

"To rubuta wata goma sha ɗaya."

"Ƙarya ce fa, maigida."

"Ni ke biyanki ko liman?"

Reshad ya sa hannu bai ko duba ba, kowace shekara su sabunta. Banki ya ga mutum fes, babu nauyin kowa a wuyansa, ya ba shi rance ya riƙe takardun gidansa. Gogan naku ya ɗauka ya fi kowa wayo.

Ana tsakiyar kakar malina, ɗakin maƙare da amfanin mutane, Reshad ya rasu. Ɗansa Nedim ya iso da kwaɗo a hannu.

"Baffa, wa'adinka ya cika. Na sayar da wurin."

"Shekara goma muka yi da mahaifinka."

"A ina aka rubuta?"

Ina zai sa kansa? In ya ce wa alƙali shekara goma, ya tona da bakinsa cewa ya yaudari banki. In ya ce wata goma sha ɗaya, ya kori kansa.

Aka yanke wuta, aka datse ƙofa. Na ga wurin da idona. Jan ruwa ne ke malalowa ta ƙarƙashin ƙofa har kan titi kamar an yi yanka, manoma na tsaye suna kallon guminsu. Banki ya karɓe gidan mutumin. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta.

Ya 'yan uwa, babu wanda ya yi masa ƙazafi. Ƙaryar da ya rubuta da hannunsa aka gaskata, ita ce ta cinye shi. Wanda ya ɓoye wa banki nauyin da ke kansa, wa zai ɓoye wa ranar da hannaye za su yi magana?

Allah ya kiyaye mu da rubuta abin da za mu ji tsoron a karanta mana. Amin.