Ɗinyar da Kowa Ya Sassaƙa

Akwai wani manomi wanda gonarsa take bakin kurmi. A gefenta akwai wata tsohuwar ɗinya, ba wanda ya shuka ta, ba kuwa wanda ya taɓa ba ta ruwa. Da bazara matarsa takan tsinko sabon ganyenta ta yi kwaɗo. In 'ya'yan sun nuna sun yi baƙi wuluk, kowa ya tsinta ya sha, mata su dafa maɗi.

Wata damina gudawa ta kama 'yarsa har idanunta suka faɗa. Sai ya tuna da abin da kakarsa takan yi. Ya sassaƙo ɓawon ɗinyar, aka tafasa, aka ba yarinyar, Allah kuwa ya tashe ta. Don murna ya gaya wa kowa. Tun daga nan, duk gidan da ciwon ciki ya shiga, sai maigidan ya ɗauki gatari ya nufi ɗinyar. Ba mai ɗiba da yawa. Kowa kamar tafin hannu.

Ran nan maƙwabcin manomin ya zo, matarsa na kwance, suka tafi tare. Da manomin ya zagaya itacen, sai ya ga ɓarnar da aka yi. Gindin duk ya zama fari. Saura wani siririn ɓawo, faɗin yatsa uku, shi kaɗai yake riƙe da ranta. Ganyen ma sun soma yin rawaya.

Maƙwabcin ya ɗaga gatari, manomin ya riƙe masa hannu. Ya ce, “Ɗan'uwa, in ka sare wannan, ta mutu ke nan.”

Maƙwabcin ya ce, “To, matata fa? Ai kaɗan zan ɗiba.”

Manomin ya ce, “Dukanmu kaɗan muka ɗiba. Zo, na san wata a tsakiyar kurmi. Da nisa, amma zan raka ka.”

Suka yi ta ratsa sarƙaƙiya har rana ta take, suka samo, matar ta sha ta sami sauƙi. Kashegari manomin ya kwaɓa laka ya shafe raunukan itacen, ya kewaye shi da ƙaya. Shekara biyu ɗinyar ba ta yi ɗa ko ɗaya ba. A ta uku ta yi, ko da yake reshe guda bai sake tohowa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: ɗinyar nan su ne mutanen da Ubangiji ya dasa a cikinmu, waɗanda ba sa cewa a'a. Uwar da kowa yake kai wa kukansa. Dattijon ikilisiya da ake tasa ko bai gama cin tuwo ba. Ba mugu ne yake ƙarar da su ba, mu ne, da ɗan kaɗan ɗinmu. Su kuwa ba za su yi magana ba, sai dai a wayi gari a ga sun bushe a tsaye.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin ku kai musu wata bukata, ku fara tambaya yaya suka kwana, ku kuma tsaya ku ji amsar.