Man Kaɗanyar Malam Ilya

Akwai wani mutum a garin Vaulx-en-Velin na ƙasar Faransa, Malam Ilya, wanda bai taɓa yarda na ƙasa da shi ya fi shi sanin komai ba. 'Yarsa Safa tana kiwon furet, wata 'yar dabba mai kama da tunku, ta sa masa suna Yelwa.

A 2014 gashin Yelwa ya fara zubewa daga wutsiya. Ƙanwar Ilya, Shamsiya, likitar dabbobi ce a Paris, sai ta shigo jirgin ƙasa ta zo.

Ta yi musu bayani cewa tun da aka fiɗiye Yelwa, ƙwaƙwalwarsa ba ta daina aika saƙon haihuwa ba. Wani ɗan ƙullutu a saman ƙoda ne ke amsawa, yana ta zubo sinadarin hormon, shi ke sa gashin zubewa. Ta sa masa implan, wani magani kamar ƙwayar shinkafa, a ƙarƙashin fata, wanda zai cika ƙwaƙwalwar da saƙo har ta gaji ta yi shiru. Ta ce da farko ciwon zai ɗan ƙaru, kuma dole a sabunta in ƙarfinsa ya ƙare, don ciwon kwanciya yake yi, ba ya tafiya.

Da Yelwa ya ƙara susa, Ilya ya kira ta ya wanke ta tas.

"Ke da na goya ce za ki zo gidana ki yi gwaji? Likitar ɓeraye kawai!"

Ya shiga shafa wa dabbar man kaɗanya. Implan ya yi aikinsa, gashi ya fito, Ilya ya bi gari yana cewa mansa ne.

Da lokacin sabuntawa ya yi, Shamsiya ta kira. "Yaya, namiji ne. In ciwon ya tashi, fitsari zai toshe masa." Ya kashe wayar, ya hana Safa kiran gwaggonta. Abin haushi, ko kunya bai ji ba.

Wata safiya Yelwa ya yi ta nishi, fitsari ya ƙi fita. Ilya ya ce a bari zuwa gobe. Kafin su kai asibitin dabbobi washegari, ƙoda ta lalace.

Safa ta rungumi gawar, ta dubi mahaifinta ido jawur.

"Papa, in ɗauko man kaɗanyar?"

Darasi: Dawowar gashi ba warkewa ba ce. Wanda ya raina mai sani don ya girme shi, wani ne zai sha wahalar girman kansa. Ku tura wa masu taurin kai na gidanku.